Tiyon da Na Yanke a Zauren Alhaji Bawa

Kwanan baya wani saurayi ya tsaya a kaina ina tsugune a bayan wata firiza, hannunsa a aljihu, ya ce yana so in koya masa gyaran firij cikin wata uku, don ya ji an ce aikin duka zuba gas ne. Na ce masa ya je ya koyi feren rake, wannan kwana uku ya isa. Ya tafi yana gunaguni. Ba shi kaɗai ba ne, yawancinku haka kuke, kun ga mutum da baƙin mai a riga kun ɗauka ƙwaƙwalwarsa ma baƙin mai ce. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna. Ni a aji biyar na tsaya a firamare, wanda ya ga kuskure ya gyara abinsa.

Sunana Iro. A Birnin Zariya Iro mai firij ake ce mini, kuma a Ƙofar Kibo aka haife ni.

Firij na farko da na kashe na wata mai ƙanƙara ne a Sabon Gari. Lokacin ina shekara ta biyu a hannun Oga Sunday, mutumin da ya koya mini aiki. An kawo firij ɗin a kwance cikin amalanke, Oga ya fita cin abinci, ni kuma don in nuna na iya sai na miƙar da shi na jona wuta nan take. Ya yi gurnani sau biyu ya yi shiru. Da Oga ya dawo bai ɗaga mini hannu ba. Zarto ya ba ni, ya ce in yanka kwamfuresan, wato injin firij ɗin, gida biyu. Na wuni ina yanka. Da ya buɗe, ya nuna mini inda mai ya gangara ya bar injin a bushe saboda kwanciyar da aka yi masa. Ya ce, "Ka gani? Da ka bar shi a tsaye zuwa gobe, da mai ya koma gidansa. Abin da ba ka san dalilinsa ba, kada ka taɓa." Na ce na ji. Ban ji ba, za ku gani a gaba.

Shekara shida na yi a wurinsa. Biyun farko wankin bayan firij da ɗaukar tukunyar gas kawai. Sai ya koya mini ɗora bakin sukudireba a kan kwamfuresa in kara ƙotar a kunne, in rarrabe wanda ya gaji da wanda gas ya yi wa yawa. Ya koya mini walda a bututun jan ƙarfe ba tare da na toshe cikinsa ba. Ya koya mini neman yoyo da ruwan sabulu a gwangwanin madara da gashin kaza, a bi kowace mahaɗa ana shafawa har a ga ƙwayar kumfa ta taso. Ranar da ya yaye ni ya ba ni geji ɗaya na auna gas, da abin yankan bututu, da sifana uku. Gejin yana nan har yau, gilashinsa ya tsage amma bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Alhaji Bawa mai hatsi abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Yana da wani tsohon zaure a gefen gidansa da ba a bi ta ciki, shi ya ba ni in yi shago. Da yake miƙa mini makulli ya ce, "Iro, ba na son kuɗinka. Magana ɗaya ce. Abin da ba zai shiga gidana ba, kada ya shiga nan." Na ce in sha Allahu.

Ku fahimci abin da zauren nan yake. Ba inuwa ce kawai ba. A cikin ganuwa ba a barin kowane namiji ya ratsa tsakar gida. Amma ni yaron zauren Alhaji Bawa ne, saboda haka magidanci zai ce wa iyalinsa su shiga ɗaki, ya bar ni da firizar matarsa ya tafi kasuwa. Mata masu ƙulla zoɓo da kunun aya a leda, mahauta, masu kanti, duk nawa ne. Masu gyara na Sabon Gari sun fi ni kayan aiki, amma iyakarsu ƙofar gida. Da wannan yardar na yi aure, da ita na sayi keke.

Sai muguwar shekara ta zo, wadda naira ta faɗi kowa ya ji a jikinsa. Gas ya yi tsadar da in na faɗi kuɗin gyara sai mai firij ya yi dariya ya ce a bar shi. Wuta kuma in ta zo, ƙwan fitila ja yake yi kamar garwashi, kwamfuresa ya yi ta ƙoƙarin tashi har ya ƙone. Mata suka mayar da firij kabad, ana jera kwanuka a ciki. Na taɓa yin mako uku aikina ɗaya, shi ma robar ƙofa ce.

A cikin wannan hali, da bazara, Dakta Yohanna ya tsayar da tsohuwar motarsa a bakin zauren. Mutumin Wusasa ne, malamin shari'a a jami'a can harabar Kongo da ke Zariya, ya yi karatu a Ingila, Hausarsa kuwa ta fi tawa tsabta. Na taɓa gyara wa matarsa firij. Ya zauna a benci ya cire hula yana fifita.

"Malam Iro, zan ajiye aiki ƙarshen wata. Na gyara wani ɗaki a gida inda abokaina za su riƙa zama. Ba zan ɓoye maka ba, giya ce. Amma ba ta kwalba ba, ta tukunya, wadda ake tsiyaya a famfo."

Na ce, "Dakta, ka san ba na sha."

"Wa ya ce ka sha? Sanyi nake nema, kai kuma shi kake sayarwa."

Na ce zan yi tunani. Tunanin bai kai la'asar ba. Gida babu masara.

Ga yadda abin yake, don ku san ba zuba gas ba ne. Giyar tana zuwa a tukunyar ƙarfe mai ƙiba, wani abokinsa da ke kamfanin giya a Kaduna zai riƙa aiko masa. Ana sa tukunyar cikin firiza mai murfi a sama. Amma firiza aikinta daskarewa, giya kuwa ba a so ta daskare, sai a canja abin da ke kashe injin ya tayar, a sa na firij, sanyi ya tsaya dab da ƙanƙara bai kai ba. A gefe akwai tukunyar iska irin wadda ake sa wa lemo, da kai mai agogo biyu, ita ke turo giyar. Kada wani wawa ya ce zai jona iskar walda. Daga tukunyar giya tiyo ya tashi zuwa famfo a saman murfi. Duk waɗannan Dakta ya zo da su daga Ingila a kwali ɗaya, shekaru suna ajiye: famfo mai ƙyalli, kan tukunya, kan iska, da tiyo fari siriri a naɗe, ya kai gaba biyu da ɗoriya. Da wata takarda mai ƙananan rubutun Turanci. Ban karanta ba. Shi ma bai karanta ba, ya ce ni ne gwani.

Taransifomar unguwarsu ta ƙone a makon, don haka a zaure na yi aikin. Na gaya masa tun farko, ko tukunyar da babu komai ciki ba za ta ƙetare ganuwa ba. Kowa ya san giya ba ta shiga Birni, mai sha ya tafi Sabon Gari. Na ce a raina firiza ce da famfo da tiyo, sababbi, ba su taɓa ganin komai ba, ina laifi?

Huda murfi na fara yi. A jikin firiza ba a huda, bututun gas suna zagaye cikin bangonta, ka taɓa ɗaya ka kashe ta. Ko murfin sai da na kunna ta na bi da tafin hannu ina laluben inda ya yi ɗumi. Na kafa gajeren bututu a sama na ɗora famfon, na naɗe cikinsa da soso, na sa ƙaramar fanka tana hura sanyi zuwa wuyan famfo don abin da ya kwana a wurin kada ya yi zafi. Na yi wa ƙasan katako saboda nauyin tukunya. Wannan duk daidai na yi, har yau ba wanda zai gyara mini.

Gwaji ya rage. Tunda giya ba za ta shigo ba, sai na rataya bokitin ruwa a azara, na jona tiyon na buɗe famfo. Ruwa ya riƙa zuwa siriri kamar hawaye, kofi ɗaya sai ka gaji da tsayuwa. Na dubi tiyon. Daga tukunya zuwa famfo kamu ɗaya ne, me ya kawo gaba biyu? Na ce Turawa ba su san tattali ba, komai sai sun yi ɓarna. Mu nan in abu ya yi yawa ragewa ake yi a ajiye saura. Na sa wuƙa na bar kamu ɗaya da rabi. Na buɗe famfo, ruwa ya zubo da ƙarfi. Na yaba wa kaina.

Alhaji Bawa yana da na'urar sanyaya ruwa a ƙofar gida, kusa da ɗan masallacinsa, ta sadaka, duk mai wucewa ya sha. Ni na haɗa masa ita da tsohon firij. A makon tiyonta ya tsage. Ga saura a hannuna, fari tas, ba warin roba. Na naɗe shi cikin sanyi na jona, ruwan ya fi da sanyi saboda doguwar tafiyar da yake yi. Alhaji ya sha ya sa mini albarka. Sai ya leƙa zaure ya ga firiza da famfo a ka.

"Wannan kuma fa?"

"Ta sanyaya abin sha ce, Baba. Ta wani malamin jami'a."

"Lemo?"

Na sunkuya na kama buga wani ƙarfe kamar ban ji ba. Ya wuce.

Ranar Laraba aka gyara wa su Dakta wuta, aka kai firizar Wusasa a tsaye cikin akori-kura, tukunyar giya ma ta iso. Na ce a bar su duka su kwana, ita firiza mai ya zauna, ita tukunya ta huce daga girgizar hanyar Kaduna. Taron da Dakta ya shirya wa abokansa ranar Asabar ne da rana. Alhamis da hantsi na je na jona komai, na bi mahaɗu da ruwan sabulu, babu yoyo. Dakta ya kawo babban kofin gilashi ya kara, ya ja famfo.

Kumfa ce ta fito, fara fat, da tsartuwa har gilashin idonsa. Na ce ta farko ce. Ya zubar ya sake. Kumfa. Na rage iska, kumfa. Na ƙara sanyi muka jira, kumfa. Muka cika roba guda. Matarsa, Mama Rifkatu, ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Dakta, wanki za mu yi da ita ne? In kawo zannuwan gado?"

"Rifkatu, don Allah."

"A'a, tambaya na yi. Shekara nawa kwalin nan yana cin mini wuri a ƙarƙashin gado, ashe sabulu ne."

Sai a lokacin ya nemo takardar ya goge gilashinsa ya karanta. Ya karanta sau biyu. Ya ɗago ya dube ni, ya buɗe murfi ya dubi tiyon.

"Malam Iro, ina sauran?"

Ya fassara mini. Giya ba ruwa ba ce, akwai iska a narke cikinta, a matse. Tsawon tiyon da sirantakarsa su ke riƙe ta, ta taho a hankali har ta iso famfo ba ta fashe ba. In hanya ta yi gajarta, sai ta fito da gudu iskar ta tsere gaba ɗaya, ta zama kumfa. Abin da na gani a matsayin ciwo da ruwa, shi ne aikin. An rubuta da manyan baƙaƙe kada a rage.

Na gaya masa inda sauran yake. Ɗan Zariya ne, ya san ma'anar abin. Ya ce, "Ka nemo wani, ni zan saya. Kada ka taɓa na masallaci."

Juma'a da sassafe na zagaye Sabon Gari da Tudun Wada a keke. Tiyon ban ruwa ya yi faɗi. Na fetur yana wari. Na ƙarin ruwa da ake sayarwa a kemis ya yi siriri, iska za ta fasa shi. Na ƙare a shagon Oga Sunday, na nuna masa guntun. Ya juya shi a hannu ya ce ko Kaduna ko Kano ba zan samu ba.

"Wa ya yanke?"

"Ni."

Na ba shi labarin inda sauran yake. Ya ce, "Je ka cire abinka. Ka ce wa tsohon yana yoyo, ka sa masa wani. Wa zai sani?"

Da wannan niyyar na koma, da sabon tiyo mai faɗi a aljihu. Na so in isa kafin a sauko Juma'a, taya ta yi faci a hanya. Ko da na iso an sauko, rana tana dukan ƙasa, mutane sun yi layi a wurin ruwa da kofin silba. Alhaji yana kan dakali da carbi, Ɗanjuma mahauci yana gefensa. Na jira layi ya ragu, na durƙusa na buɗe bayan na'urar.

"Me ya same ta, Iro? Yanzu na sha."

"Tiyon zan canja, Baba."

"Wanda ka sa kwanan nan? Me ya yi?"

Kada ku ɗauka wani waliyyi ne ni. Ƙaryar tana bakina a shirye. Amma na riga na yi wa mutumin nan kurman ƙarya sau ɗaya a makon, kuma yana kallon tsakiyar idona. Na ce, "Ba nawa ba ne. Na mai firizar nan ne, kuma aikinsa ba zai yi ba sai da shi."

"Wane irin lemo ne ba ya zuba sai da wannan tiyon?"

"Ba lemo ba ne, Baba. Giya ce."

Ɗanjuma ya tofar da ruwan da ke bakinsa, ya ce, "Inna lillahi!" Na rantse musu sabo ne, daga kwali na fitar, ban da ruwa ba abin da ya taɓa bi ta cikinsa. Alhaji ya ɗaga wa Ɗanjuma hannu, ya juyo gare ni.

"Na yarda sabo ne. Ba ka taɓa sa mini tsohon abu ba. A zaurena ka haɗa ta?"

"A nan ne."

"Ranar da na tambaye ka, ka ji ni?"

"Na ji."

Ya ja carbi kamar ƙwaya biyar. Ya ce, "Cire ka mayar wa mai shi, kayansa ne, ba a yin sadaka da kayan wani. Kuma tunda ka karɓi aikinsa, ka gama masa da kyau, kada a ce ɗan Birni ya ci amanar mutumin Wusasa. Ran Litinin ka kawo mini makulli."

Bai ɗaga murya ba. Na cire, na sa masa mai faɗin, na tabbatar ruwa na zuwa, na tafi.

Asabar da safe na haɗa guntayen biyu da ɗan bututun ƙarfe mara tsatsa, na ɗaure kowane baki da waya, na naɗe tiyon a saman tukunya cikin sanyi yadda ba zai lanƙwashe ba. Na daidaita iska a inda takarda ta ce. Dakta ya karkata kofi ya ja famfo. Ta zubo a hankali, ja-ja kamar shayi, kumfa yatsa biyu a sama ta tsaya cak. Ni da ido na auna, shi da baki. Ya kurɓa ya rufe ido ya ce haka take a can. Mama Rifkatu ta kawo mini shinkafa da lemo, ta ce in ci kafin mashaya su iso. Dakta ya tambaye ni inda na samo tiyo. Na ce na samo. Ya dubi mahaɗar, ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Na fita ana jera kujeru.

Ran Litinin na kai makulli. Kafin nan labari ya riga ya gama unguwa, kuma a bakin Ɗanjuma ya zama wai mako guda masallata suna shan ruwa ta tiyon giya. Ba wanda ya zage ni a fuska, mutanen Birni ba sa haka. Sai dai in na yi sallama a gidan da na saba shiga, a ce maigida ba ya nan. In firiza ta lalace, a fito da ita waje a ɗora a amalanke a kai Sabon Gari, ta gabana. Na koma wajen ganuwa, bakin titi, ina gyara wa masu shayi da masu kanti. Dakta ya yi ƙoƙari, ya haɗa ni da abokansa biyu, amma mutum nawa ne a Zariya ke da tukunyar giya a gida? Shi kansa bai shekara ba aka yi wa abokinsa na Kaduna canjin wurin aiki, tukunya ta daina zuwa.

To, ga sana'ar da kuke so a wata uku. Shekara shida na koya, shekara tara na yi da hannuna, wuƙa ɗaya na sa a inda ban gane ba.

Alhaji bai ba kowa zauren ba, buhunan dawa ya zuba a ciki. Amma duk lokacin da na'urar ruwan ta tsaya, ni yake aika wa, ya ce ba ya son hannun kowa a kanta. In zo in yi aikina a waje, a miƙo mini tuwo a kan dakali, in ci in tafi. Haka muka yi shekaru. Zuwana na ƙarshe ya tsufa ƙwarai, an shimfiɗa masa buzu a ƙofar gida, ba ya gani sosai. Na gama ina tattara sifanu sai ya kira ni.

"Iro."

"Na'am, Baba."

"Aikin mutumin nan na Wusasa. Ya yi kyau kuwa?"

"Ya yi, Baba. Ba a taɓa kirana gyara ba."

"To, madalla."

Na ɗan tsaya ko zai ƙara wani abu. Ya ce a gaishe da iyali. Na ɗaure akwatina a bayan keke.